Zuciyar Ɗiyarmu da Shaidar Ƙwan Kaza

Ɗiyar ƙanwata tana da shekara 2 da ƴan watanni lokacin da muka lura da tsugunonta. Tana cikin wasa da ƴan uwanta a tsakar gida, in ta yi taku biyar ko shida sai ta tsaya ta tsuguna, ta haɗa gwiwoyi da ƙirji, tana haki kamar wadda ta sheƙo a guje daga bakin kasuwa. Wanda ya duba bakinta a lokacin zai ga leɓɓanta da harshenta sun yi shuɗi-shuɗi, sai ka ce an tsoma su a rijiyar baba. Jim kaɗan sai ta miƙe ta koma wasanta. Tun tana goye ma ba ta shan nono ta ƙoshi. Ta tsotsa kaɗan ta saki, zufa ta jiƙe mata goshi.

A gidajenmu ciwon yaro ba ya zuwa shi kaɗai, da tuhuma yake tafe. Ƙanwata auren zumunci aka yi mata, ɗan gwaggonmu take aure, wato uwar mijinta yayar mahaifinmu ce. Gwaggo ba muguwar mace ba ce, ita ta tsaya kan hidimar sunan yarinyar tun daga farko har ƙarshe. Amma ta kafe a kan cewa ƙanwata ce ta jawo: wai sa'ad da cikin ya tsufa ta sha fita ɗiban ruwa da almuru, an hana ta ba ta hanu ba, iska ta shafi abin da ke cikinta. Maganar tun ana yin ta a ɗaki har ta fito tsakar gida, daga nan ta haura katanga ta shiga maƙwabta.

Wani dare ƙanwata ta zo gidana da yarinyar a baya. Ba ta taɓa abincin da aka kawo mata ba. Da gida ya yi shiru sai ta ce mini, "Yaya, kai da kake karantar da ilimin halittu a lise, gaya mini tsakaninka da Allah, ni na yi mata wannan?" Na shekara fiye da goma ina zana zuciya a allo da jan alli da shuɗi, ina ba yara maki a kan sunayen ɗakunanta, amma a daren nan ban sami abin faɗa ba sai "ki yi haƙuri", maganar da mutum kan yi in amsa ta gagare shi.

Muka kama hanyar Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maradi. Likitan zuciya ya dora wa yarinyar na'urar ekografi a ƙirji, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya jawo takarda ya zana mana gida mai ɗaki huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Ɓangaren dama shi ke tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, ɓangaren hagu ya karɓe shi ya watsa wa jiki. Tsakanin ɗakunan ƙasa akwai katanga wadda bai kamata ta kasance da ko da ƙofar allura ba. Wannan na san shi, domin nakan gaya wa ɗalibaina cewa Galen, babban likitan zamanin Rumawa, ya zaci katangar tana da ƴan ramuka, sai a ƙarni na 13 Ibn Nafis, malamin Dimashƙa da ya zauna Alƙahira, ya ce babu rami, dole jini ya zaga ta huhu. Ibn Nafis ya yi gaskiya game da lafiyayyar zuciya. Ta ɗiyarmu kuwa tana da ɓuli a wannan katanga, ƙofar da ke kai jini huhu ta tsuke, babbar jijiyar da ke fita zuwa jiki ta hau kan ɓulin, naman ɗakin dama kuma ya yi kauri saboda wahalar turi. Waɗannan lahani huɗu wani likitan birnin Marsai, Étienne-Louis Fallot, ya yi bayaninsu tare a 1888, har yau da sunansa ake kiran ciwon. Tsugunon kuwa, in ji likita, dabara ce yarinyar ta gano wa kanta: in ta matse jijiyoyin ƙafafu, jini ya kan rasa sauƙin tserewa ta ɓulin, sai ya ƙara bin hanyar huhu.

Ya ƙara da cewa kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da wani lahani a zuciya, a kowace ƙasa, masu fita da almuru da waɗanda ba su san almuru ba; da yawa ƙanana ne, wasu ma su kan toshe da kansu. Sa'an nan ya faɗi maganar da ta sa ƙanwata ta ɗago kai: ginin zuciya yana kammala ne kafin ciki ya cika mako 8. Ita kuwa sai da wata na biyu ya wuce ta tabbata tana da ciki. Na ce masa, "Likita, wa ya leƙa ya gani?" Ya yi murmushi ya ce, "Mushe, ka tambayi kaza da kifi da ɓera, su suka gaya mana."

Matambayi ba ya ɓata. Da muka dawo gida na shiga karatu, na kuma fara da abin da ke kusa da ni. Kazarmu tana kwanci, sai na sa wa ƙwai ɗaya alama, ranar da ya kwana uku a ƙarƙashinta na ɗauko shi, na fasa gefen da ya fi faɗi a hankali, na leƙa da gilashi mai ƙara girma. A saman gwaiduwa ga waɗansu jajayen zare sun bazu kamar saiwa, a tsakiyarsu ga wani ɗigo ja yana bugawa. Aristotle ya ga wannan ɗigo ya bayyana shi fiye da shekara 2,300 da suka wuce, amma gani ya kori ji. Abin da ke bugawa a nan bai zama gida mai ɗaki huɗu ba tukuna, ɗan bututu ne lanƙwasasshe. Haka abin yake ga ɗan Adam: wajen kwana 22 da shigar ciki bututun ya fara bugu, a kwanakin da ke biye ya lanƙwasa zuwa dama, ya kumbura nan ya tsuke can, sa'an nan katangu su tsiro su raba shi. Zuciya ita ce gaɓar farko da ke fara aiki, kuma ba ta samun hutu don a gama gina ta. Magini ne aka ce ya tsaga ɗaki gida huɗu alhali mutane suna ciki suna kai da kawowa. Da na fahimci haka, mamakina ya bar kan ɗaya da ke samun lahani, ya koma kan 99 da ke fitowa lafiya.

Ƙwan kaza bai tsaya nan ba. A 1983 wata mai bincike a jihar Jojiya ta Amurka, Margaret Kirby, ta cire wani ɗan zirin ƙwayoyin halitta daga bayan wuyan tayin kaza, nesa da zuciya. Da tayin ya girma sai aka tarar mafitar zuciyarsa, wadda ya kamata ta rabu biyu, ɗaya ta nufi huhu ɗaya ta nufi jiki, ta zauna a haɗe. Ashe maginan wannan katanga ƴan ci-rani ne, daga wani gari suke tasowa su yi tafiya su zo su yi aikin. In sun makara a hanya, ko sun iso ba su da yawa, ginin ya karkace. Ciwon ɗiyarmu yana cikin dangin lahanin da ke faruwa a wannan mafita.

To wa ke ba maginan umarni? Nan ne maganar ƙwayoyin gado ta shigo, wato rubutun da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda ɗa ke karɓar kofi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mutum yana da kimanin 20,000. Labarin ɗaya daga cikinsu ya fara ne da ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. A 1993 Rolf Bodmer ya nuna cewa in wata ƙwayar gado ta lalace a jikin wannan ƙuda, tayinsa ba ya yin zuciya sam. Aka raɗa mata suna tinman, sunan wani mutumin kwano marar zuciya a wata tatsuniyar Amurka. Aka nemi ƴar uwarta a jikin ɓera aka samu, ana kiran ta Nkx2-5. A 1995, a ɗakin binciken Richard Harvey a Ostiraliya, aka kashe ta a jikin ɓeraye da gangan: bututun ya fito, ya fara bugu, amma ya kasa lanƙwasa yadda ya kamata, tayin ya mutu wajen tsakiyar ciki. A 1998 kuma masu bincike a Boston suka tarar da lahani a wannan ƙwaya a wasu zuriyoyin mutane waɗanda ɓulin katangar ɗakunan sama yake bi kaka da jika. Daga baya an same shi ga wasu ƴan kaɗan daga cikin masu ciwon Fallot. Shekara biyar ke nan daga ƙuda zuwa mutum. Na daɗe ina juya wannan a raina: ƙudan da nake kora daga kan faranti, da ni da shi harafi ɗaya aka fara rubuta mana zuciya.

Kifin kuwa wani ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai zane irin na jakin dawa, asalinsa daga ƙoramu da fadamun Indiya da maƙwabtanta. Abu biyu suka sa masana suka so shi. Na farko, tayinsa garau yake kamar gilashi, a waje yake girma, zuciyarsa ta fara bugu cikin kwana guda, kowa na iya zama ya kalli ginin da idonsa. Na biyu, saboda ƙanƙantarsa yana iya rayuwa ƴan kwanaki ko da zuciyar ba ta aiki, iska na ratsa fatarsa. Ɓera kuwa in zuciya ta tsaya ya mutu a ciki, shaida ta ɓace. A 1996 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Tubingen ta Jamus ƙarƙashin Christiane Nüsslein-Volhard, ɗaya a Boston, suka fitar da sakamakon duba dubban irin wannan kifi, da jerin lahani iri-iri na zuciya. A 2013 aka tabbatar cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a jikinsa. Misali ɗaya ya ishe mu. Ƙwayar da ake kira TBX5, in ta lalace ga kifi, zuciya ta zama zare, fukafukan gaba su ƙi fitowa. Ga mutum, kamar yadda aka gano a 1997, ita ke haddasa ciwon Holt da Oram, inda ake haihuwar yaro da lahani a babban yatsa ko a hannu tare da ɓuli a zuciya. Wannan darasi ne da ungozoma za ta iya riƙewa: jaririn da ya zo da naƙasa a babban yatsa, a kai shi a saurari ƙirjinsa.

Saura tambayar da ɗalibai kan yi mini: yaya tayi ya san hagu da dama? A 1998 masu bincike a Tokiyo, Shigenori Nonaka da Nobutaka Hirokawa da abokan aikinsu, suka ga wani ɗan gurbi a jikin tayin ɓera mai ɗauke da ƴan gashi ƙanana da ke juyawa suna kora ruwa zuwa hagu. In gashin bai juya ba, zuciya ta kan faɗa hagu ko dama kamar an jefa kwabo. A 2002, a Osaka, Nonaka da Hiroshi Hamada suka juya ruwan zuwa dama da famfo, zuciyar tayin ta lanƙwasa a juye. A 2015 kuma ƙungiyar Cecilia Lo a Pittsburgh ta ba da labarin duba tayin ɓera 87,355 da ekografi, irin na'urar da aka dora wa ɗiyarmu. Suka gano ƙwayoyin gado 61 da ke jawo lahanin zuciya, 34 daga cikinsu na da alaƙa da waɗannan ƴan gashi.

A nan ne karatun ya taɓa gidanmu. Lahanin da aka nema a wannan bincike irin mai ɓuya ne, wanda ba ya bayyana sai ɗa ya gaji lalataccen kofi daga uwa ya kuma gaji irinsa daga uba, su kuwa iyayen lafiyarsu lau. Mun san wannan lissafi a amosanin jini, wato sikila: in uwa da uba duka suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da kasada 1 cikin 4. Ƴan uwa na jini sun fi baƙi yiwuwar ɗaukar ɓoyayyen kofi iri ɗaya, don haka auren zumunci ya kan ɗan ƙara kasadar irin waɗannan ciwuka. Ba zan ɓoye ba, da na karanta haka raina ya yi fari, farin ran mai neman ramuwa. Na ce ga sandar da zan riƙa in je wurin Gwaggo: in ma akwai mai laifi, jininta ne, jinin kakanmu, kuma ita ta haɗa auren.

Kwana biyu ina riƙe da sandar nan a zuci, sa'an nan na ajiye ta. Ba a taɓa auna ƙwayoyin gadon yarinyar ba. Ko a ƙasashen da ake aunawa, waɗanda ake gano takamaiman sanadin ciwonsu ba su kai rabi ba. Wani lahanin sabo ne fil, a jikin ɗan ya fara, babu shi ga uwa babu shi ga uba. Ɓeraye ƴan ciki ɗaya masu lahani iri ɗaya a rubutun gadonsu, wani ya fito da ɓuli, wani ya fito lafiya. Da na ɗauke tuhuma daga kan ƙanwata na aza wa Gwaggo, da na yi irin abin da ta yi, sai dai ni da kalmomin boko. Laifi tudu ne. Abin da dabbobin nan suka nuna shi ne aiki mai matakai ɗaruruwa, a cikin duhu, a makonnin da mace ba ta ma san ta ɗauka ba. Ba a tuhumar mutum a kan abin da ya faru bai sani ba, ba kuma da hannunsa ba.

Wannan ba ya nufin babu abin da ke hannunmu. A 1941 Norman Gregg, likitan ido a Ostiraliya, ya gano cewa rubela, wani ciwo mai kama da baƙon dauro amma mai sauƙi, in ya kama mace a farkon ciki yana lalata ido da zuciyar jariri. Yau akwai allurar rigakafinsa. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba tun kafin ciki yana ƙara kasada, haka giya, haka wasu magunguna, har da wasu na farfaɗiya, waɗanda likita ne kaɗai zai canja su, ba mai ciki ta yanke da kanta ba. Matar da ke sa ran ciki ta yi nesa da ƙwayoyin da ake talla a faranti. Duk waɗannan farkon ciki suke aiki, lokacin da al'adarmu ta ce a ɓoye. Muna tsare mai ciki a wata na takwas, alhali zuciyar ɗanta a wata na farko da na biyu take neman tsaro.

Maimakon sanda, ƙwai na kai wa Gwaggo. Na same ta da hantsi tana tsintar shinkafa, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ga wani abu ina so ki gani." Na fasa a gabanta na miƙa mata gilashin. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kwana nawa?" Na ce uku. Na ce, "Ga mutum, Gwaggo, wannan bugun yana farawa kafin mace ta gane batan wata, ginin kuma ya ƙare kafin ciki ya fito. Lokacin da take zuwa rijiya an daɗe da gamawa." Ta miƙo mini gilashin ta ce, "Ikon Allah." Can kuma ta ce, "Ka dai raba kaza da ɗanta." Ba ta nemi gafarar kowa ba, ni ma ban sa rai ba. Amma daga ranar ba a ƙara jin maganar almuru a gidan ba.

Maganarta ta ƙarshe gaskiya ce, ƙwan da aka fasa ba ya ƙyanƙyashewa. Wannan ilimi bashi ne muka ci a wurin dabbobi. Tiyatar farko da ta ceci masu ciwon Fallot, wadda aka yi ranar 29 ga Nuwamba 1944 a asibitin Johns Hopkins na Baltimore, a jikin karnuka wajen 200 aka koye ta. Helen Taussig ta kawo shawarar, Alfred Blalock ya riƙe wuƙa, amma wanda ya ƙware da aikin a kan karnukan, ya tsaya bayan Blalock yana nuna masa inda zai ɗinka, shi ne Vivien Thomas, baƙar fata, kafinta, jikan bawa, wanda talauci ya hana shi karatun likita. Ba a sa sunansa a rahoton farko ba. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Tun 1959 masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'ida uku da ake bi yau: a musanya dabba da wata hanya in akwai, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu wahala. Wanda aka yi wa tarbiyya da cewa dabba tana da hakki ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ɗiyarmu ta shekara biyu takardunta suna jiran layi. Tana da shekara 4 wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ta zuwa Faransa, ita kaɗai ba uwa, wasu bayin Allah suka riƙe ta a gidansu. Aka toshe ɓulin, aka buɗe hanyar huhu, bayan wata biyu ta dawo da tabo a ƙirji da leɓɓa masu launin na kowa. Ban manta da sauran uwayen da muka zauna tare a bakin ɗakin likita a Yamai ba; ba duka layin ya iso kansu ba. Saboda su nake roƙon ƴan uwana malamai: yaron da ke tsugunawa a filin wasa yana haki, kada a ce masa rago, a duba leɓɓansa da farcensa, a kira iyayensa. Ƙwai ɗaya da gilashi ɗaya kuma sun isa a nuna wa aji guda, maza da mata, lokacin da zuciya ke ginuwa, domin su ne surukai da kakannin gobe.

Da ƙanwata ta sake samun ciki tsoro ya kama ta. Likita ya gaya mata cewa in an haifi ɗa ɗaya da irin wannan lahani, kasadar na biye ba ta kan wuce 2 zuwa 4 cikin 100 ba. Gwaggo da kanta ta raka ta awon farko, tun cikin bai fito ba. Namiji ta haifa, lafiyayye. Yayarsa kuwa tana lakwal, kowace shekara a kan kai ta a duba zuciyar, domin gyararre ba ya zama kamar wanda bai taɓa lalacewa ba. Ranar Asabar da ta wuce na shiga gidan na hango ta tsugune a gindin bedi, gwiwoyi haɗe da ƙirji. Gabana ya faɗi. Da na matso sai na ga ƴan duwatsu a gabanta, carafke suke yi da ƙawayenta, kuma ita ke ci.